Gida da Fagen Fama a Wasan Kwaikwayon Shaihu Umar

Lacca ga ɗalibai da ma'aikata, a Maƙera, Kaduna



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, musamman da suka ga ya kamata a fito da lacca daga harabar jami'a, a ƙetaro da ita kogi zuwa nan Maƙera. An nemi in yi magana a kan wasan kwaikwayo. Ni kuwa na zaɓi wasa ɗaya tak, watau Shaihu Umar, domin in tabbatar da magana ɗaya game da shi. Maganar ita ce, a cikin wannan wasa ba a auna yaƙi da yawan dawaki ko garuruwan da aka ci. Da gida ake auna shi, watau da wanda ya fita bai dawo ba, da wadda aka bari tana jira, da yaron da ya tashi bai san inda uwarsa take ba. Kuma gidan da ya tura mutum hari, shi ne gidan da hari ya komo ya ci. In Allah ya yarda, kafin in zauna za ku ga dalilin da ya sa wannan magana ta shafi unguwar nan da muke ciki.

Asalin wasan

Shaihu Umar bai fara rayuwarsa a dandali ba. A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri ne aka sami littattafan nan biyar da kowane ɗalibin Hausa ya sani, watau Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi, da Shaihu Umar. Mai Shaihu Umar wani saurayin malamin makaranta ne daga Bauchi, wanda bai daɗe da fita Kwalejin Katsina ba, shekarunsa ashirin da 'yan kai. Shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967. Sa'an nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da labarin wasan kwaikwayo na dandali, kamfanin Longman ya buga shi a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Fim ɗin ya yi shekaru ba a ganinsa, har aka gano shi, aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Ya kamata mu lura da wurin da wannan wasa ya tsaya a tsakanin 'yan'uwansa. Rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa, galibinsa, wasan cikin gida ne. Ku dubi Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, za ku tarar da aure, da saki, da kishi, da zaman gaban alƙali. Shi kuwa yaƙi an bar wa makaɗan fada da masu kirari, waɗanda aikinsu shi ne zuga maza. Ganɗoki ma a wannan layi yake, don jaruminsa yana ba da labarin fama ne da bakin wanda ya ji daɗin fama. Shaihu Umar ne ya ɗauko waɗannan abubuwa biyu, gida da fagen fama, ya haɗa su a wuri ɗaya, ya nuna ashe ƙofa ɗaya ce tsakaninsu.

Labarin a taƙaice

Don amfanin waɗanda suka daɗe rabonsu da littafin, bari in tuna mana yadda labarin yake. A wani ɗan gari da ake kira Rauta, kusa da Bauchi, akwai wani babban malami. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya buɗe baki ya faɗa musu. Shi mutumin Kagara ne. Ubansa baduku ne, ya rasu tun Umar yana ciki, ya bar masa gadon 'yan shanu da tumaki da goɗiya. Uwarsa, mutuniyar Fatika, ta sake aure, ta auri wani bafaden sarki mai suna Makau. Sarki ya tura mayaƙansa hari ƙasar Gwari, Makau yana cikinsu. Da aka dawo, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa sharri, suka ce ya ɓoye waɗansu daga cikin bayin da ya kama. Aka washe gidansa, aka kore shi daga gari, ya tafi ya sami mazauni a Maƙarfi. Kafin uwar Umar ta bi mijinta, sai ta je Fatika sallama da iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. A bayanta aka sace shi. Kura ta cinye ɓarawon, waɗansu mutanen ƙauye suka tsinci yaron suka riƙe, mahara suka sake kwashe shi, har ya faɗa gidan bayi a Kano. Daga nan wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi tamkar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami kuma limami. Ita kuwa uwar ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ja ta har Murzuƙ, daga can zuwa Tarabulus. Wani mafarki ya tayar wa Umar da hankali, ya fita neman uwarsa. Ya same ta, amma wahala ta riga ta gama da ita, ganinsa ke da wuya ta cika. A hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi ya tsira, ya ƙare a Rauta yana koyarwa.

Wannan ba tatsuniya ba ce da za a rufe da ƙurunƙus. Kowane mataki na labarin yana da gindi a tarihi. Hanyar da aka bi da uwar Umar, daga Kano zuwa Murzuƙ zuwa Tarabulus, tana cikin manyan hanyoyin fatauci na Sahara. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin a shekara da kimanin 5,000. Hare-haren da Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya riƙa kaiwa ƙasar Gwari da kudancin Zazzau sanannu ne, ba su tsaya ba sai da Turawa suka ci Kwantagora da Bida a 1901. Rabe, wanda sunansa ya shigo ƙarshen labarin, ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a Kusuri a 1900. Akwai ma shaidar baka. Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa da Zariya, aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe matan danginta da 'ya'yansu, sai da aka tara kuɗin wuri aka fanso su. Giwa kuwa ƙasa ɗaya take da Fatika, garin uwar Umar. Daɗa ku lura da wannan: dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar, amma ba a soke bauta ɗungurum a Arewa ba sai 1936. Ashe ke nan lokacin da Abubakar yake rubuta labarinsa, akwai bayi a ƙasar nan, kuma masu hari da waɗanda aka kai wa hari suna nan da ransu, suna cin kasuwa ɗaya.

Makau

A ganina Makau shi ne mabuɗin wasan, ko da yake ba shi ne tauraro ba. Marubucin bai yi shi mugu ba. Mutumin kirki ne, mai gaskiya, mai riƙon maraya, mai biyayya ga sarkinsa. Amma sana'arsa ita ce ya tashi da asuba, ya yi kwanto a bakin gonar waɗansu mutane, ya kama su da rana tsaka, ya ɗaure. Babu inda ya tsaya ya tambayi kansa ko waɗannan da ya ɗaure suna da uwaye. Rigimar da ta tashi a fada ma ba a kan halalcin harin ba ce, a kan lissafin kawuna ce, nawa aka kama, nawa aka kawo. Watau an riga an mayar da mutum abin ƙirga, kamar akuya, tun kafin wani ya yi wa wani ƙarya.

To, ku bi abin da ya biyo baya. Ganimar harin ita ta jawo hassada. Hassada ta jawo kora. Kora ta raba miji da mata, ta bar gida ba namiji. Rabuwar ta sa uwa ta yi tafiya, tafiyar ta bar yaro a fili, ɓarawo ya ɗauka. Da ba a kai hari ƙasar Gwari ba, da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kasuwar da Makau yake kai wa kaya, ita ce ta saye agolansa, ta saye matarsa. Ɓarawon yaro ba zai saci yaro ba in babu mai saye, mai saye kuwa ba ya tambayar ko ɗan wane ne. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Abin da ya sa wannan wasa ya wuce karin maganar shi ne, ba Makau kaɗai ya faɗa ramin ba. Wadda ba ta taɓa riƙe igiya ba, da yaron da bai san komai ba, su suka fi shi nutsewa.

Wannan shi ne ma'anar gadon tashin hankali daga tsara zuwa tsara. Uban Umar na jini ya bar masa shanu da goɗiya, gadon da ake iya ƙirgawa a gaban alƙali. Zamanin uban riƙonsa kuwa ya bar masa wani gadon da ba a rubuta a takarda ba, shi ne kuma ya fi tasiri a rayuwarsa. A Jiki Magayi ma an yi wannan jigo, inda gabar manya biyu a kan mace ta sauka a kan yaro, ta lalata shi. Bambancin shi ne, a can mutum ɗaya ne ya ƙulla sharrin da gangan. A Shaihu Umar babu wanda ya nufi yaron da mugunta tun farko. Tsarin zaman ne duka ya ruɓe, har ya zama mutumin kirki yana iya rushe gidan kansa alhali yana ganin aikin sarki yake yi.

Uwa

Idan Makau ne mabuɗi, uwar Umar ita ce zuciyar wasan. Ita ce mutum ɗaya a labarin da ta ƙi yarda da lissafin kasuwa. Kowa ya ɗauki ɓatan yaro a matsayin abin da yakan faru, a yi haƙuri, a ci gaba. Ita ta ƙi. Mace ɗaya, ba doki, ba takobi, ba guzuri, ta bi sawun ɗanta daga ƙasar Zazzau har bakin Bahar Rum. Duk wanda ya san nisan Kano da Tarabulus, tafiyar watanni a kan raƙumi da ƙafa, ya san ba ƙaramin abu marubucin ya ɗora wa wannan baiwar Allah ba. A adabinmu an saba ba namiji kirarin jarumtaka. A nan kuwa mazan da ke da makami duk sun watse, wanda aka kora an kore shi, wanda kura ta ci ta ci, wanda rairayi ya binne ya binne. Jarumtakar da ta kai ƙarshen labari ta mace ce, kuma ba ta kashe kowa ba.

Ba a ba ta lada a duniya ba. Marubucin da ya so faranta wa masu karatu rai, da ya dawo da ita Fatika ta ga jikoki. Abubakar bai yi haka ba. Ya bar ta ta mutu a baƙuwar ƙasa, domin gaskiyar tarihi ita ce mafi yawan waɗanda aka ƙetarar da su Sahara ba su komo ba.

Abin da dandali ya ƙara

Wani zai ce, tun da akwai littafi, mene ne amfanin wasa? Amsa ita ce gani ya kori ji. Mai karatu shi kaɗai yake karatunsa, in abu ya yi masa nauyi ya rufe littafi. 'Yan kallo kuwa tare suke zaune, kowa yana jin numfashin na kusa da shi. Bayan haka dandali yana da wani talauci mai albarka. Ba za a iya kawo hamada, ko ayarin raƙuma, ko rundunar dawaki a kansa ba. Saboda haka duk abin da yakan sa yaƙi ya yi kwarjini, ƙura da sukuwa da walƙiyar masu, dole ya tsaya a waje. Abin da ya rage a gaban jama'a shi ne mutane, da ƙofar gida, da mai shigowa da labari. Tsoffin Girkawa ma haka suke yi, ba su cika yin kisa a gaban 'yan kallo ba, sai manzo ya shigo ya faɗa, a ga yadda labarin ya sauka a fuskar iyali.

Akwai kuma wani abu da zubin labarin ya ba mai shirya wasa. Tun da tsoho ne yake ba da labarin ƙuruciyarsa, ana iya zaunar da Shaihu a kan buzunsa a gefe ɗaya, almajirai kewaye da shi, a ɗaya gefen kuma ana jan ƙaramin yaro da igiya. Mutum ɗaya ne, a lokaci biyu, a gaban ido ɗaya. Littafi sai dai ya jera su, wannan bayan wancan. Dandali yana tsayar da su tare, har ɗan kallo ya gane cewa dattijon nan mai natsuwa da rawani bai taɓa rabuwa da yaron nan mai kuka ba. Duk wanda ya zauna da tsohon soja, ko da wanda ya tsira daga tarzoma, ya san haka abin yake.

Inda wasan ya tsaya

Ƙaunar wasa ba ta hana a faɗi iyakarsa. Abu na farko, Gwarin da aka kama, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, ba mu san gidajensu ba. Mun bi uwa ɗaya har Tarabulus mun yi kuka, amma kowane ɗaya daga cikin waɗanda Makau ya ɗaure yana da uwa irinta, labarin bai waiwaye su ba. Abu na biyu, alherin Abdulkarim yana iya ruɗin mai kallo ya ɗauka cewa aibin bauta shi ne a faɗa hannun mugun ubangida. Alhali kuwa mutumin kirkin nan shi ne ya ƙetare hamada da ɗan wata. Abu na uku, yawan jingina kome ga ƙaddara yana iya zama mafaka ga mai laifi. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai taɓa ɗauke wa mai zalunci alhakin zaluncinsa ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Duk mai son ɗora wasan nan a dandali yau, a garin da Bagwari da Bahaushe za su zauna a benci ɗaya su kalla, wajibi ne ya yi tunanin waɗannan abubuwa uku.

Yadda waɗansu suka yi

Ba mu kaɗai muka yi wannan tambaya ba, watau yaya ake tsinke sarƙar jini a cikin zuriya. A shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin Girka Eskilus ya nuna wasanni uku a jere da ake kira Orestiya. Sarki Agamemnon ya yanka 'yarsa don rundunarsa ta sami tafiya yaƙi. Da ya dawo, matarsa ta kashe shi. Ɗansu Orestes ya kashe uwar don ramuwar uba. Sarƙar ba ta tsinke ba sai da aka kafa kotu a birnin Atina, aka karɓe hukunci daga hannun dangi aka ba hukuma. A zamaninmu kuma, Wajdi Mu'awad, haifaffen Labanon da yaƙin basasar ƙasarsu na 1975 zuwa 1990 ya fitar da iyayensa, ya rubuta wasa da Faransanci a 2003 mai suna Incendies, watau gobara. Wata uwa ce ta yi shekaru ba ta magana, ta mutu ta bar wa tagwayenta wasiyya su nemo ubansu da wansu. Da suka bi sawu, sai suka tarar da mummunan abin da yaƙi ya yi wa gidansu, wanda shirun uwar ya rufe. A wurinsa sarƙa ba ta tsinkewa sai 'ya'ya sun san gaskiya, kome ɗacinta.

Shaihu Umar yana da tasa amsar. Umar bai nemi fansa ba. Bai koma Kagara neman fadawan da suka yi sharri ba, bai tara almajiransa ya ba su makami ba. Ya zauna ya koyar, da aka tambaye shi kuma ya faɗi labarin duka, tun daga harin da mutumin gidansu ya kai. Ku riƙe wannan da kyau. Yana da ikon ya fara labarinsa daga ranar da aka sace shi, ya fito a wanda aka zalunta kurum. Bai yi haka ba. Ya fara daga inda nasa suka zalunci waɗansu.

Maƙera

Yanzu bari in dawo gida. Sunan unguwar nan a Hausa wurin ƙira yake nufi, a maƙera kuwa wuta ɗaya ce take fitar da fartanya, take fitar da takobi. Tarihin wannan yanki ya yi kama da sunansa. A Kakuri, maƙwabciyarmu, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, waɗansu masaƙu suka biyo baya, dubban ma'aikata suka taru daga ko'ina, Hausawa da Gbagyi, Bajju da Atyap, Tibi da Idoma da Igala, Yarbawa da Ibo, suna tsaye a gaban inji ɗaya. A Kakurin nan kuma aka kafa masana'antar ƙera makamai ta ƙasa a 1964.

Kusan kowane tsohon gida a nan yana da labari hawa uku. Kakanni sun ji labarin hari daga bakin waɗanda suka gan shi, waɗansu daga ɓangaren masu doki, waɗansu daga ɓangaren masu gudu kan dutse. Iyaye sun ga 1966, shekarar da aka kashe Sardauna a garin nan ranar 15 ga Janairu, aka kashe marubucin Shaihu Umar kansa, ya bar nasa marayun. Sun ga kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a wannan shekara, sun ga yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. 'Ya'ya kuma sun ga Fabrairu da Mayu na 2000, inda aka rasa rayuka fiye da dubu a Kaduna, sun ga Nuwamba 2002, sun ga Afrilu 2011. Bayan 2000 mutane da yawa suka kwashe kayansu, Musulmi suka nufi arewacin kogi, Kirista suka nufi kudu, maƙwabtan shekara talatin suka rabu. A tsakanin waɗannan shekaru manyan masaƙun suka rufe, wurin da ake haɗuwa kullum ya tafi. Yaron da aka haifa a shekarar 2000 yau magidanci ne. Bai ga farkon abin ba, labari aka ba shi. Tambayata ita ce, daga ina aka fara masa labarin?

Na tabbata a yawancin gidaje, ko na wane ɓangare, daga ranar da aka zo mana ake farawa. Ba a cika farawa daga ranar da namu suka je ba. Rabin labari kuwa shi ne abincin gaba, domin yaron da ya tashi da sanin abin da aka yi wa gidansu kaɗai, ya tashi da bashin da yake ganin dole ya karɓo. Kada kuma wani ya ce satar mutane tsohon zance ne. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta garin Kagara a Jihar Neja, garin da sunansa ɗaya da inda aka sace Umar, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da ɗalibai 27 da waɗansu malamai da iyalansu. A Maris 2024 aka kwashe yara fiye da ɗari daga makarantar Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun da muke iyaka da ita. Uwar Umar ba ta mutu a Tarabulus ta ƙare ba. Ta sake tsayawa a ƙofar makaranta, tana sayar da abin da ta mallaka don tara kuɗin fansa.

Garin nan bai rasa masu fara labari daga laifin nasu ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yi gaba da juna a rikicin 1992, ɗaya ya rasa hannu, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci, kuma suna cikin waɗanda suka yi aikin da ya kai ga sanarwar zaman lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a Agusta 2002. Abin da ya ba maganarsu nauyi shi ne kowannensu yakan faɗi abin da shi ya yi, kafin ya faɗi abin da aka yi masa.

Kammalawa

Ina da roƙo biyu. Na farko ga ɗalibai. Tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka nuna hanya, suna fita Samaru da ƙauyukan Zazzau, suna sauraron mutane, suna gina wasa da abin da suka ji, su nuna shi a dandalin gari. Ku yi haka a nan. Ku zauna da tsoffin ma'aikatan masaƙa, da matan da suka yi gudun 2000, da tsoffin sojoji, na kowane ɓangare, tun suna da rai. Ku rubuta wasan da Abubakar Tafawa Ɓalewa bai kai ga rubutawa ba, wanda a cikinsa uwar Bagwarin da Makau ya ɗaure za ta sami suna da baki.

Na biyu ga ma'aikata, musamman na ilimi da na al'adu da na ƙaramar hukuma. Wasa yana bukatar ɗaki, da izini, da ɗan kuɗin fitila, da shugaban makarantar da ba zai tsorata ba. Waɗannan a hannunku suke. Takardar da kuka sa wa hannu, ko kuka bari a ƙasan tire, ita za ta yanke ko yaran arewacin kogi da na kudu za su taɓa zama a benci ɗaya su kalli labari ɗaya. Makau ma aikin ofishinsa yake yi, bai tambaya ba. Ku ku tambaya.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, amma fa sai in mai waiwayen ya yarda ya ga sawun kansa a cikin sawun da ke bayansa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya komo da waɗanda ke hannun mahara gidajensu, ya zaunar da garinmu lafiya.